Kafin ka taɓa takardar ƙasarka

Ɗana, tambayarka ta jiya da ita na kwana. Ka ce wani kamfanin Turai ya yaba da manhajar da ka haɗa musu, amma da suka ce ka zo ofishinsu biza ta gagara, shi ne kake tunanin ka ajiye takardar Nijar ka nemi ta wata ƙasa.

Da fari, ba sai ka ajiye komai ba. Tun gyaran dokar 2014 ɗan Nijar yana iya riƙe ƙasa biyu. Faransa da Kanada ba sa cewa sai ka saki taka, Jamus ma ta daina tun Yunin 2024.

Sai dai ba a kasuwar Dole ake sayen zama ɗan ƙasa ba. Faransa na neman ka zauna can shekara 5, ko 2 idan a jami'arsu ka yi karatun shekara biyu ka samu shaida. Kanada kuwa sai ka fara samun izinin zama na dindindin, sannan ka cika kwana 1,095 a ƙasar cikin shekara 5. Ka ga ashe ba maganar fasfo muke yi ba. Maganar ita ce, za ka iya barin Damagaram tsawon shekarun nan, tsohuwarka na Birni, ƙannenka na makaranta? Wannan kai da gidanku ne, ba ni ba.

Abin da ni na sani shi ne aikin. Tunda nake sana'ar nan ta haɗa manhaja ba a cika tambayata ƙasata ba. Abin da ke damun mai ba da kwangila: da sunan wane kamfani zai rubuta yarjejeniya, ta ina zai biya, kuma in ta ɓaci za ka iya zuwa na mako guda? Biyun farko ana warware su ba tare da ka canza ƙasa ba. Estoniya tun 2014 take ba da katin zama na intanet, in ya shiga hannunka ka buɗe kamfani a Tarayyar Turai kana kan tabarmarka. Amma kada wani ya ruɗe ka, katin ba biza ba ne, ko filin jirgi ba zai wuce da kai ba. In an biya ka da yuro kuma lissafi ba ya wahala, yuro ɗaya sefa 655 da ɗoriya, ba ya motsi.

Na ukun ne ciwon. Ni ma na taɓa rasa aiki mai tsoka ina jiran biza, har suka ɗauki wani. Abin ya ƙara tsauri tunda ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a Janairun 2024. Ko ka samu bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, kwana 90 ne cikin 180, ta taro da ganawa, ba ta kama aiki ba. In kamfanin nan da gaske yake sonka, shi zai nema maka izinin aiki, daga nan shekarun zama suke fara ƙirguwa.

Amurka kam ka yi hattara. Ɗan ƙasarta ko a Mirriya yake zaune sai ya bayyana wa hukumar harajinsu abin da ya samu kowace shekara.

Gobe bayan la'asar ka zo min da takardar da suka aiko, mu duba ko sun rubuta cewa dole sai ka je, ko dai a baki kawai suka faɗa.