Kallon Tsuntsaye a Kurmin Kan Dutse: Me Za a Saya?

Tambaya: Zan bi ayarin masu kallon tsuntsaye, kwana huɗu a kurmi, har da hawan dutse. Madubin hangen nesa 10x42 zan saya ko 8x42? Na ga kamar na farkon ya fi ƙarfi.

Amsa: Malam, ɗauki 8x42. Lambar farko tana faɗin sau nawa yake jawo abu kusa, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita. Raba 42 gida 8, ka sami 5.25, raba shi gida 10, ka sami 4.2. Kaurin hasken da ke isa idonka ke nan, da milimita. A fili da rana tsaka ba mai lura da bambancin, amma ƙasan kurmi da duhu-duhu yake ko da hantsi, ga shi tsuntsaye sun fi kai-komo da sassafe. Mai 8 ya fi faɗin gani, don haka ɗan tsuntsun da ke tsalle daga reshe zuwa reshe ba ya saurin ɓace maka. Sannan bayan ka sha hawa kana haki, hannu rawa yake, mai 10 kuwa ƙara rawar yake a ido.

Kafin ka biya, duba abu biyu. Ya zama ruwa ba ya shigarsa, an kuma cika cikinsa da iskar naitirojin, in ba haka ba gilashin zai yi gumi ta ciki inda tsumma ba ya kaiwa. Ya kuma iya fito da abin da ke mita 2 daga gabanka tar. Da dare kada ka rufe shi a jiƙe cikin jakarsa: fumfuna na kama gilashi, kuma in ta ci, da wuya ta goge. Shanya shi, ka ajiye shi tare da 'yan ƙunshin silika masu tsotse laima.

Tambaya: Tanti ya fi ko gadon lilo? Kuma tunda ƙasar zafi ce, ina buƙatar buhun barci?

Amsa: Malama, a gangaren dutse samun shimfiɗaɗɗen wuri marar saiwa aiki ne, bishiyoyi kuwa ga su nan birjik. Gadon lilo, wato na yadi da ake ɗaurewa tsakanin bishiyoyi biyu, mai haɗe da gidan sauro, da tamfol na mita 3 a samansa, ya fi dacewa. Aibinsa ɗaya: iska na bi ta ƙasa ta sanyaya baya, sai an sa shimfiɗar soso a ciki. In za ku kwana can sama inda bishiyoyi suka gajarce, to tanti mai rufi biyu, wanda aka rubuta wa juriyar ruwa aƙalla milimita 2,000. Mai rufi ɗaya, tururin numfashinki ma ya isa ya jiƙa ki kafin asuba.

Buhun barci kam dole. Zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 na ma'aunin Celsius a kowace mita 1,000 da aka hau. Zaɓi mai cikin zaren roba. Na gashin agwagwa in ya sha laima sai ya dunƙule, ya daina riƙe ɗumi. Kada ki yada zango a bakin rafi, domin ruwan da aka yi can sama yakan iso cikin dare ba sallama. Kafin ki ɗaura igiya, ɗaga kai ki tabbatar babu busasshen reshen da zai iya faɗo miki.

Tambaya: Takalmin hawa mai hana ruwa shiga ya cancanci kuɗinsa?

Amsa: A kurmi, ba sosai ba. Ruwa ta wuyan takalmin yake shiga lokacin ƙetare rafi, kuma abin da ya hana shi shiga shi ke hana shi fita. Nemi marar nauyi mai saurin bushewa, mai zurfin zanen tafi saboda santsin laka. Taka shi mako biyu kafin tafiya, sabon takalmi bororo yake haifarwa. Safa ta ulu ko ta roba, ban da auduga, ka ware busasshiya guda ta barci kawai. Inda ake da matsattsaku, ƙara doguwar safar yadi mai ɗaurewa ƙasan gwiwa, a kan wando. Kowace safiya zazzage takalmin kafin ka zura ƙafa.