Me ya sa labarin Gaza yake fitowa kala-kala a wayoyinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12, ina zaune a Agege. Kullum da dare a teburin mai shayi gardamar Gaza ake yi, wannan ya nuna labarin wayarsa wancan ya nuna nasa, abu ɗaya ya faru amma kowa da irin nasa. Dan Allah wa ke mana ƙarya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Gaskiya manyan kafofin yaɗa labarai ba kasafai suke shara ƙarya tsagwaronta ba, son ran yana shiga ne ta wajen kalma, kuma na gani da idona lokacin da nake aikin labaran waje a wata jarida a nan Legas. Ƙarfe goma na dare, edita na tsaye a kanka, ba mu da wakili a Gaza ko Ƙudus, toh sai ka ɗauko abin da kamfanonin dillancin labarai irin su Reuters ko AFP ko AP suka turo ka rage tsawonsa ka saka, yadda suka gina maganar haka za ta iso wayarka.

Duba kanun labari da kyau. Wani wuri za ka ga "an kashe mutane", wani wuri "mutane sun mutu", kamar zazzaɓi ne ya ɗauke su, ba a faɗi wa ya harba ba. Wannan abin yana min ciwo sosai wallahi. Haka kalmar "arangama", idan soja mai bindiga ya haɗu da yaro mai dutse aka ce arangama an riga an daidaita su kenan. Lokacin da aka harbe 'yar jarida Shireen Abu Akleh ta Al Jazeera a garin Jenin da ke Yammacin Kogin Jordan a watan Mayun 2022, tana sanye da rigar 'yan jarida, kanun farko da yawa ba su ambaci wanda ya yi harbin ba.

Sai kuma inda aka fara labarin. Wanda ya fara daga 7 ga Oktoban 2023, ranar da Hamas ta kai wa Isra'ila harin da aka kashe kusan mutum 1,200 aka kwashe kusan 250, ya bar 1948 da aka raba Falasɗinawa sama da 700,000 da gidajensu, ya bar mamayar da Isra'ila ta yi wa yankunan Falasɗinawa a 1967 da killace Gaza tun 2007. Wanda kuma ya tsallake 7 ga Oktoba kamar ba a yi ba, shi ma ya cinye maka rabin labari.

Kowace kafa da mai ba ta kuɗi, Al Jazeera Qatar ce, Press TV Iran ce, RT Rasha. Sannan da yaƙin ya ɓarke Isra'ila ta hana 'yan jaridar waje shiga Gaza su kaɗai sai dai da rakiyar sojojinta, 'yan jaridar Falasɗinawa ne suka ɗauki nauyin kuma an kashe da yawansu.

Namu laifin kuma yana WhatsApp, an sha yaɗa tsofaffin bidiyon yaƙin Siriya ana cewa Gaza ce. Idan an turo maka irin wannan a teburin shayi, tambayi yaushe aka ɗauka, a wane gari, kuma wace kafa ce ta fara sakawa, idan mai turowar ya ce shi ma turo masa aka yi toh kar ka tura wa kowa tukuna.