Gano maganin ƙwari a jikin tsofaffin tufafin gidan tarihi

Kin tambaya ko za a iya gano maganin ƙwari a jikin tsofaffin tufafi ba tare da an tsinke ko zare ɗaya ba. Ana iyawa, sai dai na'ura ɗaya ba ta wadatarwa.

Ki fara da na'urar XRF ta hannu, wadda ke haska abu da hasken X-ray don gano sinadaran da ke cikinsa. Ana kara ta kusa da yadin, nan take ta nuna ko akwai sinadarin arsenik ko makuri, waɗanda masu adana kaya suka riƙa amfani da su tun ƙarni na 19. Ki gwada wurare da dama, musamman cikin naɗi da bakin ɗinki, domin maganin ba ya bazuwa daidai. A yi hattara kuma: wani lokaci daga koren rini arsenik ɗin ya fito.

Naftalin (ƙwayar korar asu da ake sawa cikin tufafi) kuwa XRF ba ta ganinsa sam; maganin ƙwari na DDT ma, iyakarta ta nuna sinadarin kulorin da ke cikinsa. A nan sai a rufe tufar cikin jaka, a sa siririn zaren SPME (wani zaren gwaji na musamman mai kama sinadarai daga iska) ya zuƙi tururin da ke ciki, a kai shi ɗakin gwaji a tantance da GC-MS, na'urar da ke rarrabe sinadarai ta gano kowanne. DDT ba ya saurin tashi a iska, don haka na fi amincewa da ƙurar akwatin ajiya wajen nemansa.

Kafin sakamako ya fito, don Allah kada kowa ya taɓa tufafin ba safar hannu.