Tambayi Likita: Allurar Kwantar da Mai Fizge-Fizge Ba Aikin Mai Kemis Ba Ne

Tambaya: Likita, an yi wa ƙanena allurar haloperidol a asibiti. Washegari wuyansa ya karkace, idanunsa suka kafe sama, harshe ya zazzago. Kakarmu ta ce mutanen ɓoye ne suka dawo.

Amsa: Illar allurar ce, kuma ta fi kama samari. Ku mayar da shi asibitin yau ɗin nan, akwai allurar da ke sake masa jijiyoyin cikin 'yan mintuna. Kada wani ya ce a sayo masa Exol, ƙwayar sakin jijiyoyi, a bakin tasha.

Tambaya: Mahaifinmu mai shekara 72 yana ɗakin kulawa ta musamman. Da dare sai ya riƙa fizge robar ƙarin ruwa yana kiran 'yan'uwansa da suka rasu. Haukacewa ya yi?

Amsa: A'a, Hajiya. Ruɗewa ce da tsananin ciwo ke kawo wa tsofaffi, takan lafa idan ciwon ya yi sauƙi. Ku kai masa tabaransa, wanda ya saba da shi ya riƙa gaya masa inda yake da ranar da ake ciki. Kada ku matsa a ba shi maganin barci, irin su diazepam ƙara rikita tsoho suke yi.

Tambaya: Yayana ya kwana uku yana zazzaɓi. Jiya da dare ya tashi yana sambatu, ya fasa taga, har ya yi kan mahaifiyarmu. Muka ɗaure shi, aka yi masa hayaƙi, mai kemis ɗin unguwa ya yi masa allurar Valium da Largactil. Yanzu barci yake ta yi da minshari. Mu ƙara allurar in ya farka?

Amsa: Malam, in har yana gida, ku ɗauke shi zuwa asibiti yanzu, sauran bayanin ka karanta a hanya. Wannan minsharin ba lallai barci ba ne, yana iya zama suma.

Mutumin da yake lafiya lau, zazzaɓi ya kama shi, sannan hankalinsa ya juye cikin dare ɗaya, ba taɓin hankali muke fara zargi ba. Muna tsoron zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau, ko faɗuwar sukari a jini. Ƙwaya irin tramadol ma tana yi, haka wanda ya saba da giya ya daina farat ɗaya. Shi ya sa a ɗakin gaggawa muke fara tsira yatsa mu auna sukari, mu duba iskar da ke jininsa, mu lanƙwasa wuya mu ji ko ya sandare. Sai mu rage taron jama'a, mutum ɗaya ya yi masa magana a hankali. In zai haɗiyi ƙwaya, ita ake ba shi. Allura ita ce ta ƙarshe, kuma bayan an yi ta ma'aikaciyar jinya ba ta matsawa, tana ƙirga numfashi tana auna jini a kai a kai. Valium na danne numfashi, Largactil na faɗar da jini, yana kuma iya tayar da jijjiga. Mai kemis ya haɗa su biyun ya karɓi kuɗinsa ya tafi ya kwanta. In numfashin ya tsaya cikin dare, wa ke da iskar oksijin a gidanku?

Na taɓa karɓar wani saurayi, igiya ta ci wuyan hannunsa har jini, rigarsa sai ƙaurin barkono. Muka auna, sukari ne ya yi ƙasa. Aka sa masa ruwan gulukos a jijiya, ban gama rubutu a katinsa ba ya buɗe ido yana tambayar wa ya ɗaure shi. Abin nan yana ci min rai wallahi. Hayaƙin barkono a hancin wanda ba ya cikin hayyacinsa, wane magani ne wannan?

Addu'a kam ku yi ta, ba mai hana ku tofa masa a bakin gadon asibiti. Amma kada a ɗura masa rubutu ko ruwa alhali bai farka ba, huhu zai wuce. Ku kwance igiyar, ku kwantar da shi ta gefe, ku tafi da kwalaben allurar mu gani. In gwaji ya nuna jiki lafiya, to sai a tura ku asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato. Amma asibiti mafi kusa tukuna, yau.

Tambaya: 'Yata kwana shida da haihuwa, ba ta barci, tana cewa jaririn ba nata ba ne. An ce mu jira a yi suna.

Amsa: Kada ku jira suna, Mama. Wannan larura ce da ke kama masu jego, galibi cikin mako biyun farko, kuma tana warkewa da magani. Kada a bar ta ita kaɗai da jaririn ko na ɗan lokaci. Ku kai ta asibiti yau, ku gaya wa likita tana shayarwa.