Taurarin da ake ba gidajen kula da tsofaffi a Niyok, abin yarda ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki taimaka min da shawara kaina ya kulle wallahi. Muna zaune a Bronx ne a jihar Niyok, Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki sati uku kenan, yanzu asibiti sun ce za su sallame shi amma ba gida ba, sai gidan kula da tsofaffi inda za a ci gaba da yi mishi gashi, ni kuma aikin dare nake ga yara uku ba yadda zan iya ɗaga shi ni kaɗai. Sun ba ni takarda da sunayen gidaje, na duba a intanet na ga ana ba su taurari, wanda ke kusa da mu uku gare shi, wani mai nisa biyar. Wa ke ba da taurarin nan, kuma in ɗauki mai biyar ɗin kawai in huta? Ga 'yan'uwa a gida sai kira suke wai zan kai uba gidan gajiyayyu. Daga ƙanwarki a Bronx.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ki lada. Maganar masu kira daga gida ki bar ta a gefe tukuna, wanda bai taɓa juya babban mutum a kan gado da ƙarfe uku na dare ba bai san nauyin abin ba, kuma neman wa Baba inda za a kula da shi da kyau shi ma biyayya ce.

Taurarin nan gwamnatin tarayyar Amurka ce ke ba da su, ta hannun hukumar CMS mai kula da inshorar Medicare da Medicaid, tun a watan Disamba 2008 aka fara, kuma suna nan a shafinsu mai suna Care Compare. Amma abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba, tauraron da kike gani a sama haɗin gambiza ne na maki uku daban daban, kuma ukun nan ba ƙarfinsu ɗaya ba ko kaɗan. Sai kin danna sunan gidan za ki ga kowanne shi kaɗai.

Na farko shi ne binciken gani da ido. Ma'aikatar lafiya ta jihar Niyok ce ke tura jami'anta, kamar dai duba-gari na da, su faɗo gidan ba sanarwa, su leƙa kicin da banɗaki da ɗakin magani, su karanta fayil ɗin marasa lafiya, su zauna su yi hira da tsofaffin. A doka bai kamata a wuce wata 15 ba a je kowane gida ba, ko da yake ana samun jinkiri, sannan in an kai ƙara ma suna zuwa. Wannan shi na fi yarda da shi saboda baƙon ido ne ya gani. Sai dai ki sani a cikin jiha ake gwada su da juna: kashi 10 cikin 100 na sama su ke samun biyar, kashi 20 na ƙasa su samu ɗaya, sauran a raba musu biyu, uku, huɗu. Kenan mai biyar a Niyok ya fi 'yan'uwansa na Niyok ne kawai, in wani ya ce miki ga mai biyar a wata jiha ba mudu ɗaya aka auna su da shi ba.

Na biyu yawan ma'aikata, kuma a nan nake so ki daɗe. Da can gidajen ne ke faɗin adadin da bakinsu, amma tun 2018 ana lissafin ne daga takardun biyan albashi, wa ya zo aiki awa nawa ya yi, shi ya sa ƙarya ta yi wuya. Za ki ga awa nawa na nas da mataimaka ke faɗowa kan kowane mutum ɗaya a rana. Jihar Niyok ta yi doka a 2021 cewa kada ya gaza awa uku da rabi, wani binciken gwamnatin tarayya na 2001 kuwa sama da awa 4 kaɗan ya nuna ana buƙata. Daga 2022 kuma aka ƙara abu biyu masu amfani sosai, yawan ma'aikata ranar Asabar da Lahadi, da kuma kashi nawa ne suka ajiye aikin cikin shekara. Gidan da ma'aikata ke gudu kullum, duk sati sabuwar fuska ce za ta zo kan Baba, ba ta san ta wane ɓari ake ɗaga shi ba, ba ta san yana ƙwarewa in an ba shi ruwa da sauri ba. Mai shanyewar jiki ana so a dinga juya shi kamar duk awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, to in mutum ɗaya ke riƙe da ɗakuna rututu da dare wa zai yi? Ko lokacin korona, rahoton da babbar lauyar jihar Letitia James ta fitar a Janairun 2021 ya nuna gidajen da ke da ƙarancin maki a ɓangaren ma'aikata sun fi asarar rayuka.

Na ukun shi ne wanda suke kira ma'aunin ingancin kulawa, mutum nawa suka faɗi suka ji ciwo, nawa suka yi gyambo, nawa aka bar su da robar fitsari, nawa aka mayar asibiti. Sunan da daɗi amma gaskiya shi ne mafi rauni, don mafi yawan bayanan gidan ne da kansa ke cikewa ya tura, ɗalibi ne ke duba takardar jarrabawarsa. A 2021 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda wasu gidajen ke gyara alƙaluma, har da liƙa wa tsofaffi cutar taɓin hankali mai tsanani don kada maganin kwantar da mutum da ake ɗura musu ya shiga lissafi, abin da ya kai CMS ta fara bin diddigin hakan a 2023. Wannan abu yana ci min rai wallahi. Kuma biyar a nan na iya ƙara wa gida tauraro ɗaya a jimla, saboda haka mai biyar ɗinki duba ki gani daga ina biyar ɗin ta fito. In kin ga alamar tafin hannu cikin jan da'ira kusa da sunan gida, an same su da cin zarafi ko sakaci ne kwanan baya, ki wuce kawai.

Bayan duk wannan sai ki taka da ƙafarki. Ba ranar Talata da safe da za su zagaya da ke suna murmushi ba, ki je Lahadi da yamma lokacin abinci. Hancinki zai fara ba ki labari tun daga bakin lifta. Ki tsaya ki ji in ƙararrawar kira ta yi ƙara minti nawa kafin wani ya leƙa, ki kalli farcen tsofaffin da bakinsu, ki ga waɗanda ba sa iya ci da kansu ana zama a ba su ko ajiye tire ake a dawo a ɗauke shi yadda yake. Ki nemi rahoton binciken ƙarshe, dole ne su ajiye shi inda kowa zai iya karantawa. Sannan ki yi tambayoyin da taurari ba su auna ba sam: akwai abincin halal ko za a bar ki ki kawo tuwo daga gida, namiji zai samu ya yi mishi wanka da tsarki, za a taimaka mishi ya fuskanci alƙibla, in Turancinsa ya gudu bayan ciwon nan wa zai yi tafinta. Dokarsu ta ce a yi ƙoƙarin kula da addini da al'adar mutum wajen abinci, ba alfarma kike roƙo ba.

In da ni ce, in har mai ukun nan na kusa da ku yana da maki mai kyau a bincike da ma'aikata, shi zan ɗauka a kan mai biyar da sai kin hau jirgin ƙasa biyu, domin tsohon da 'yarsa ke faɗowa kullum ba a san lokacin zuwanta ba, kulawarsa daban take. Ki kuma rubuta lambar ofishin ombusman, wato masu karɓar koken mazauna irin waɗannan gidaje, kowace jiha tana da su kuma kyauta ne, yawanci za ki ga lambar manne a bango kusa da ƙofar shiga. Ki gaishe min da Baba, Allah ya tashi kafaɗunsa.