Tsofaffin 'Yan Wasa da Sabon Bugu

Tambaya: Mun daɗe muna haɗuwa a Jos muna yin wasan Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowane ɗan wasa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari, bisa dokokin bugu na 3.5, amma matasan da suka shigo cikinmu sun nace sai bugu na biyar, kuma sun fi son ba da labari a kan lissafi. Shin mu bi su?

Amsa: Malam, ku gwada. Bugun da kuka saba da shi ya fito a 2003, ya kuma ginu a kan tara ƙananan maki da ragewa, abin da kan sa faɗa ɗaya ya cinye yamma guda. Bugu na biyar, na 2014, ya taƙaita yawancin wannan: idan hali ya fifita ɗan wasa, sai ya jefa ɗan lido mai fuska 20 sau biyu ya ɗauki mafi girma. Tabbas zaɓin gina jarumi ya ragu, kuma ban raina wannan rashin ba, amma ƙwarewarku wajen tsara taswira da tarko tana nan da amfaninta. Kafin ku fara, ku daidaita yawan faɗa da yawan hira da kowa yake so, sannan ku yanke ko dokokin 2014 za ku bi ko gyararrun na 2024.