Ɗan daudu da ɗan luwaɗi: kalma ɗaya ce?

Wani mai karatu daga Zango, nan Damagaram, ya rubuto cewa sun yi gardama a majalisar shayi. Abokinsa ya kafe cewa ɗan daudu da ɗan luwaɗi duk abu guda ne, shi kuwa bai yarda ba. Yana son a raba musu gardama.

Malam, gaskiyarka. Tushensu ma ba ɗaya ba ne. Luwaɗi aro ne daga Larabci, an ciro shi daga sunan Annabi Luɗu saboda abin da mutanensa suka aikata, kuma aiki yake nufi. Daudu kuwa a fada ya girma, kirari ne da ake yi wa Galadima. A wajen 'yan bori akwai iska mai suna Ɗan Galadima, ɗan sarki mai son ado da caca da kyauta, shi ma Daudu ake ce masa. Masana da dama na ganin daga nan sunan ya sauko kan mazan da ke raɓar masu bori, suna ɗaura zane, suna karya murya, suna tafa hannu irin na mata. Wato ɗan daudu suna ne na hali da sana'a.

In ana son tarihin abin, Kano za a duba. Can 'yan daudu suka yi suna a tashoshin mota da kasuwanni da Sabon Gari, suna tuƙa tuwo, suna soya kaji, wasu kuma suna kawalci a gidajen mata masu zaman kansu. Na taɓa cin abinci a rumfar wani a tasha: ludayi a hannu, gyale a kafaɗa, ya dubi abokin aikinsa mai gemu ya ce, "Ke ƙawata, miƙo min yajin nan." Ba wanda ya ɗaga kai daga kwanonsa. Habaici kuwa, kada Allah ya haɗa ka da bakinsu.

Zaman nan tare da karuwai ne ya sa aka yi wa 'yan daudu kuɗin goro da 'yan luwaɗi. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Amma da yawansu na da mata da 'ya'ya, kuma akwai masu neman maza da ba su taɓa ɗaura zane ba. Rudolf Gaudio, masanin harshe daga Amurka da ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya tarar irin waɗannan suna kiran kansu "masu harka". Dubi wayon kalmar! Kowa na da harka, don haka ana iya faɗinta a tsakiyar kasuwa ba wanda zai tsargu. Ta ɓangaren mata, kalmar da kowa ya sani ita ce maɗigo.

Al'amura sun juya bayan Kano ta ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000. An rufe gidajen mata da dama, Hisba ta shiga sintiri, wasu 'yan daudu suka bar garin, wasu suka ajiye zane suka riƙe tukunya kawai. A 2014 kuma Najeriya ta kafa dokar ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. Tun daga lokacin kalmomin biyu suka ƙara cakuɗewa a bakin matasa, har yaro kan jefi ɗan'uwansa da "ɗan daudu" don kawai ya gan shi yana wanke-wanke a tsakar gida.